Ranar da Ba-Hutu Ya Rufe Shago

Duk tsawon layin nan babu mai iya rantsewa ya ce ya taɓa ganin ƙofar shagon aski a rufe da rana tsaka. Sai dai in za a sa makonnin da hukuma ta kulle gari saboda annoba, su kuwa mai shagon ba ya yarda a lissafa su, wai ai ba shi ya rufe ba, rufe masa aka yi. Shi ya sa ake ce masa Ba-Hutu, har laƙabin ya danne sunansa na gaskiya. Ranar da matarsa ta haifi 'yarsu ta fari ma, sai da ya ƙarasa wa wani gyaran gemu sannan ya ruga asibiti, ya leƙa jaririya, ya ce masha Allah, ya dawo kafin na kan benci ya gaji da jira. Matar ba ta manta ba har yau, kuma wallahi tana da gaskiya.

Shagon ba wani babba ba ne. Kujera ɗaya ce mai juyawa, fatar hannunta ta tsage an naɗe da salatif, sai madubi mai tabo a gefe, sai kanta da aka jera injinan aski, reza, burushi, hoda, da kwalbar sifirit mai ƙamshi da yake fesa wa mutum in ya gama. Ta baya akwai ɗan lungu inda janareta yake, don wutar layin sai ta ga dama take zuwa. Nan ya shafe rabin rayuwarsa a tsaye yana kallon ƙeyar mutane, yana jin abin da ko matansu ba su faɗa wa ba.

In ka tambaye shi yadda ya shiga sana'ar, sai ya ce gudun hannun Yaya ne. Yaya 'yar'uwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme shi nesa ba kusa ba. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta ɗauke shi ta goya, da ta tashi aure ma da shi ta tafi gidan miji. Ita take masa aski da almakashin ɗinkinta, ta matse kansa tsakanin gwiwoyinta, kai ya fito tudu da kwari, yara su yi ta masa dariya a makaranta. Ya ce tun nan ya ɗauki alkawarin sai ya koyi abin da kyau, ko don ya ceci kawunan wasu. In ta ji yana ba da labarin sai ta yi tsaki.

"Mara kunya. Da ban aske ba ai da ƙwarƙwata ta cinye ka da rai."

To, yanzu girma ya kama Yaya. Ga suga, ga hawan jini, in ta taso daga gidanta na ƙarshen layi zuwa shagon sai ta tsaya ta dafa bango a hanya ta mai da numfashi. Taurin kan ne kawai bai ragu ba ko kaɗan. Da annoba ta ɗauke tsohon telan da ke manne da shagon, mutumin da bai kai ta shekaru ba, numfashi ya gagare shi yana ji yana gani, tun ranar Ba-Hutu bai sake samun kwanciyar hankali a kanta ba. Da aka buɗe gari sai ya fitar da bencin jira waje, ya ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, ya ce mutum ɗaya ne zai riƙa shiga. Takunkumi ba ya sauka daga fuskarsa tun safe har yamma. Zuwa gidan Yaya ma ya rage, in ya je daga ƙofa yake gaishe ta, ita kuma ta ce ya zama baƙo.

Ana cikin haka aka kawo allurar rigakafi. Masu allurar suka kafa rumfa a filin makarantar firamare da ke bayan layin, mota mai lasifika ta zaga tana kira, tsofaffi da masu ciwo su fara zuwa. Mutane suka fito ƙwai da ƙwarƙwata, amma kallo suka zo, ba miƙa hannu ba. Suka jeru a jikin katanga suka zuba ido. Gaba-gaba akwai mai gyaran waya na tsallaken titi, wanda ake kira Rediyo saboda bakinsa ba ya mutuwa. Duk abin da ya faɗo wayarsa sai ya karanta wa layi da ƙarfi, kuma a makon nan abin da yake faɗowa ba daɗi: wai allurar tana kwantar da mutum a hankali, wai ba ranar take kisa ba, sai an manta.

Ba-Hutu ya je gidan Yaya ya tsaya a ƙofa ya roƙe ta. Ya yi lallashi, ya yi magiya, ya kawo mata zancen tela. Ta bar shi ya gama tsaf, tana tsintar zare a zaninta.

"Kai an yi maka?"

"Yaya, ku aka ce ku fara."

"Au, mu za a fara da mu. Ka kyauta." Ta ɗago ta kalle shi. "Je ka a yi maka. Na ji an ce za su dawo ƙarshen mako mai zuwa kafin su wuce wata unguwa. In har ranar ta zo kana tsaye a shagonka kamar yadda na san ka, ni da kaina zan taka in je. In kuwa ka kwanta, ko da na yini ɗaya ne, kada ka sake kawo min maganar nan."

Ya san Yaya. Maganarta ɗaya ce, ba ta lanƙwasawa. Bai ko koma shago ba, ya zarce filin makaranta, ya ratsa 'yan kallo, ya zauna ya naɗe hannun riga. Nas ɗin, wata doguwar mata da gajiya ta fito mata a ido, ta ce ai shekarunsa da sana'arsa sun isa a yi masa. Ta soka, ta manna filasta, ta ce, "Gobe hannun zai yi tsami, wataƙila da ɗan zazzaɓi, ba komai ba ne. Amma ka ji ni da kyau, ba yau take fara aiki ba, sai ta ɗauki lokaci a jiki. Kada ka cire takunkumi ka ce ka tsira." Ya ce to, amma rabin hankalinsa yana kan mutanen da ke jikin katanga suna kallonsa kamar yanzu zai kife.

Kafin yamma sharaɗin Yaya ya zaga layi, don mijinta, wani tsohon direba mai son hira, bai iya riƙe magana ba. Sai kowa ya ɗauka ya mai da shi nasa. Mai shayi ya ce shi ma haka, in Ba-Hutu ya kai ranar zai je. Mai wanki da guga ya ce shi ma. Kai, har matan gidajen haya suka ce sun bi. Haka kawai bawan Allah ya wayi gari ya zama zakaran gwajin dafi, shi da ya yi abin don mutum ɗaya tak.

Gaisuwa ma ta canza. Da "ina aiki" ake ce masa, yanzu kowa sai "ya jiki?" Mutanen da kansu ba ya bukatar aski sukan zo su zauna a benci su ƙura masa ido. In ya yi hamma a kalli juna. In ya jingina da bango a ce, "Lafiya dai ko?" Rediyo ya tsallako da makullin shagonsa ya ɗora masa a dantse, wai an ce wurin yana kama ƙarfe. Makulli ya faɗi ƙasa, aka yi dariya, Rediyo ya ce ai bai nuna ba tukuna. Ba-Hutu ya yi ta maza. Washegarin allurar hannun ya yi tsami har ɗaga injin aski sai ya cije leɓe, amma babu wanda ya gani, don takunkumi ya rufe masa asiri. Tsamin ya wuce, jiki ya dawo garau, ya fara ganin ƙarshen abin a kusa.

Saura kaɗan masu allura su dawo, ya tashi da safe maƙogwaronsa yana ƙaiƙayi. Ya ce iskar fanka ce. Washegari kai ya yi nauyi, gaɓoɓi suka saki, sanyi yana ratsa shi alhali rana ta take. Ranar da ta rage sai gobe su dawo kuwa, yana sa takalmi matarsa ta kai bayan hannu wuyansa, ta janye da sauri.

"Baban yara, jikinka wuta ne. Ina za ka?"

"Shago."

"A haka? Don girman Allah ka kwanta."

"In kwanta?" Ya yi ƙasa da murya don kada maƙwabta su ji, gidan haya ne, tsakar gida ɗaya. "Yau ɗaya ta rage. In ba a ga ƙofar nan a buɗe ba, kafin hantsi labari ya kai wa Yaya. Kin san ta. Allurar ce kawai take juya ni, Nas ta faɗa."

"Nas ta ce washegari, ba ta ce sai yanzu ba."

Ya haɗiyi ƙwayar zazzaɓi, ya ɗaura takunkumi, ya fita. A ransa ya san maganar matar tana da ƙamshin gaskiya, amma ya ture ta gefe, don in ya tsaya dubawa ba zai iya taka ƙafa ba.

Ranar nan ya sha wuya irin wadda bai taɓa sha ba. Benci ya cika tun da sassafe, kowa ya zo ganin ƙarshen wasa. Gumi yana bin bayansa, idonsa yana yaji. Tarin ne babbar masifa. In ya taso sai ya danne, ya danne, har hawaye ya cika masa ido, sannan ya ce, "Bari in duba janareta," ya shige lungu ya rufo ƙofa, ya tura fuska cikin gwiwar hannu ya yi tari a ƙarƙashin ƙarar injin. Ya goge ido ya fito yana cewa man ne ba shi da kyau. Rediyo daga tsallake ya ɗaga murya ya ce janaretan nan yau ya cika neman kulawa. Ba-Hutu ya ɗaga masa hannu kamar wasa.

Wajen la'asar mai wanki ne a kujera. Ya gama masa, ya kakkaɓe gashi, ya ɗauki kwalbar sifirit ya fesa. Bai ji komai ba, sai ya zaci bakin kwalbar ne ya toshe, ya ƙara fesawa, ya ƙara. Mai wanki ya zabura yana fifita fuska da hannu.

"Haba Ba-Hutu! Wanka za ka yi min da shi? Ai har cikin ƙwaƙwalwata. Kai ba ka ji ne?"

"Yi haƙuri, hannu ne ya zarce."

Ya shige lungu. Wannan karon ba tari ya kai shi ba. Ya ja takunkumi ƙasa, ya kai kwalbar hanci ya shaƙa: ruwa, kamar ruwan famfo. Ya buɗe galan ɗin fetur ya dangwala hanci a bakinsa. Babu komai. Fetur fa, da ko daga ƙofar shago kake sai ya buge ka. Ya ajiye galan ɗin. Kowa a garin ya san wannan alamar, tela ma da ita ya fara. Ba allura ba ce. Ciwon ne da kansa, ya riga allurar kama jiki, kuma tun safe shi yake sunkuyawa a kan fuskokin mutane yana gyara musu gemu.

Ya daɗe a tsaye janareta yana girgiza masa ƙafa. Wata zuciyar ta ce saura ɗan lokaci rana ta faɗi, ka daure, gobe da safe ka buɗe na awa ɗaya a gan ka, Yaya ta je, shi ke nan sai ka kwanta. Wallahi maganar ta zauna masa. Ya mayar da takunkumi, ya wanke hannu har gwiwa, ya fito da niyyar daurewa.

Sai ya tarar da mijin Yaya zaune a kujera, ya riga ya yafa ƙyallen aski da kansa, yana kallon madubi yana murmushi.

"Ƙanena! 'Yan benci sun ba ni layinsu, sun ce tsoho ne. Yayarka ce ta turo ni. Ta ce in zo ka gyara ni, gobe tare za mu je, kada in kunyata ta gaban ma'aikata. Ta kuma ce in duba mata ƙwayar idonka da kyau in kai mata rahoto." Ya ƙyalƙyale da dariya, ya sa yatsa ya zame takunkuminsa zuwa wuya, ya ɗaga haɓa. "Fara da gemun. Har ta fitar da kayan da za ta sa, ka san ta da son a ce ta cika magana."

Ba-Hutu ya tsaya da injin a hannu. Ga haɓar tsohon a ɗage, ga furfura, ga bakinsa a buɗe yana ta zuba. Mutumin nan ɗaki ɗaya yake kwana da Yaya, kofi ɗaya suke shan ruwa. In ya sunkuya a kansa yanzu, duk abin da ke ƙirjinsa zai bi tsohon nan har kan gadonta, kuma allurar gobe ba za ta riga shi isa ba. In kuma ya ja da baya, gobe babu Yaya a filin makaranta, babu ita har abada. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya kunna injin, ya yi taku ɗaya, tari ya taso masa tun daga ciki.

Ya kashe injin ya ja baya har ya bugi bango.

"Babban yaya, mayar da takunkuminka."

"Gemun fa?"

"Mayar, don Allah! Tashi ka fita. Kada ka taɓa komai, ka wanke hannu a ƙofa."

Tsoho ya ga ba wasa a idonsa, ya miƙe, ƙyallen ya zame ƙasa. Ba-Hutu ya tsaya daga ciki, ya ɗaga murya yadda na benci za su ji, muryar ma ta dishe.

"Jama'a, ba ni da lafiya. Ba na jin ƙamshi, ba na jin wari, ga zazzaɓi. Duk wanda na taɓa kansa jiya da yau, ya nisanci tsofaffin gidansu, ya je a gwada shi. Ku yafe ni, tun safe ya kamata in faɗa."

Benci ya watse kamar an jefa wuta. Mai wanki yana goge fuska da rigarsa yana zagi, kuma babu mai ganin laifinsa. Ba-Hutu ya kama ƙofar ƙarfe ya jawo ta, ta yi ƙara don ba ta saba motsi da rana ba. Yana sa kwaɗo ya ji Rediyo a tsallake, ko ɓoye murnarsa bai yi ba.

"Me na ce muku? Na ce sai an manta! Ga Ba-Hutu da kansa, mutumin da ko mura ba ta taɓa kayar da shi ba!"

Ya juya zai ce ba allurar ba ce, tari ya sarƙe shi, ya durƙusa a bakin kwata. Da ya ɗago, layin gaba ɗaya yana kallonsa daga nesa, babu mai matsowa.

A ƙaramin asibitin unguwa Nas ɗin nan ya tarar. Aka gwada, abin da yake tsoro shi ne. Da ta ji yini guda ya yi yana aski da zazzaɓi, ta ajiye abin da ke hannunta ta wanke shi tas. "Kai da fuskokin mutane ke hannunka! Ina hankalinka ya tafi?" Ya sunkuyar da kai ya ba ta labarin Yaya. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce ba allurar ta jawo masa ba, ɗauka ya yi kafin ta kama jiki. Ya ce ya sani, sai dai wa zai faɗa wa layinsu su yarda? Ta ba shi magani, ta ce ya kulle kansa a ɗaki shi kaɗai, in numfashi ya fara yi masa wuya a kira ta ko wane lokaci ne.

Washegari yana kwance a ƙaramin ɗakinsu, ya sa sakata ta ciki. Matarsa da yara sun koma ɗaya ɗakin, abinci a bakin ƙofa take ajiyewa ta ja da baya. Daga filin makaranta lasifika tana ta kira, tsofaffi da masu ciwo, yau ce rana ta ƙarshe a unguwar nan. Kowane kira sai ya ji shi a ƙahon zuciya. Ya tambayi matar ta bayan ƙofa ko mutane sun je. Ta ce ta leƙa, kujerun rumfar duk babu kowa sai tsofaffi ƙalilan. Ya juya fuska bango. Baƙin cikin da ya ji ya fi zazzaɓin zafi.

Can sai ya ji takun da ya sani tun yana yaro, yanzu da jan ƙafa da haki. Ya ji matarsa tana cewa, "Yaya, sannu da zuwa, don Allah tsaya daga nan, Nas ta ce..." Ya ji an ce, "Matsa min." Aka buga ƙofar da tafin hannu.

"Buɗe."

Ya taso da kyar ya jingina da ƙofar. "Yaya, ina kwana."

"Ban zo gaisuwa ba. Buɗe in ga abin da suka yi maka. Na zo da tawul da ruwan zafi."

"Ba su suka yi min ba. Ciwon ne, irin na tela. In kika shigo ɗakin nan kin ɗauka."

"In ɗauka mana! Ni na ce ka je a soka maka, ni na jawo maka. Tun jiya ban runtsa ba." Muryarta ta karye, abin da bai taɓa ji ba. "Buɗe min, auta. Kada ka sa in tara maka jama'a."

Ta ci gaba da bugu, sakatar tana motsi a gaban idonsa. Ya san in ta daɗe a haka zai buɗe, don tunda yake bai taɓa ƙin bin maganarta ba. Lasifika ta sake kira, ta ce an kusa tashi. Sai ya ji bakinsa yana faɗin abin da bai shirya ba.

"Zan buɗe. Amma sai kin je an yi miki. Nas ta ce wanda ba a yi wa ba ba ya shiga wurin mai ciwon. Ki je ki dawo da filasta a hannu, in buɗe miki."

"Ni kake kafa wa sharaɗi?"

"A wurinki na koya."

"Abin da ya kwantar da kai shi za ka tura ni in karɓa?"

"In kina son ki gan ni, eh."

Bugun ƙofar ya tsaya. Ya kasa kunne yana jin numfashinta a jikin katakon. Sannan ta ce, "Allah ya isa tsakanina da taurin kanka," aka dangwarar da fulas a ƙasa, takun ya juya ya fita. Ya tambayi matarsa wace hanya ta bi. Ta ce ba ta gani ba, ta riga ta sha kwana. Ya zame ya zauna a ƙasa, bayansa a ƙofa. Lasifika ta yi kira, ta sake yi, daga nan ta yi shiru. Ya ji ƙarar ana haɗa kujeru daga nesa, ya ji mota ta tashi. Ya rufe ido ya ce shi ke nan, ya rasa ta ko'ina.

Bai san iya lokacin da ya ɗauka a haka ba, sai ga takun ya dawo, a hankali fiye da ɗazu.

"Ga ni. Ke, faɗa masa abin da kika gani."

Sai ya ji muryar matarsa. "Baban yara, an yi mata. Ga filasta nan a dantsenta. Har da Babban yaya, yana waje."

"Suna naɗe rumfa na tsayar da su," in ji Yaya. "Ba don na yarda ba, ka sani. In ta kashe ni, ta kashe mu tare. To na cika nawa. Buɗe."

Ba-Hutu ya dafa sakatar. Hawaye suka zubo masa, na murna ne ko na me, shi kansa bai sani ba. Ya janye hannun.

"Yaya, ba zan buɗe ba."

"Me ka ce?"

"Ba yau take fara aiki ba. Sai ta ɗauki lokaci a jiki. Ni ne shaida, ga ni a kwance. In kika shigo yanzu, daidai yake da ba a yi miki ba."

Maƙwabta suna ta leƙe ta labule.

"Ashe ƙarya ka yi min."

"Ƙarya na yi, Yaya."

"Ni?"

"Ke."

Ya jira zagi, ya jira ta sake dukan ƙofar. Babu ko ɗaya. Da ta yi magana, muryar ta yi ƙasa har sai da ya manna kunne.

"Tun kana tsumma ban taɓa barin ka kai kaɗai da zazzaɓi ba."

"Na sani."

Ya ji ta ja majina, ta ce wa matarsa ta ba ta kujera. Matar ta kai kujerar can tsakiyar tsakar gida, nesa da ƙofar, Yaya ta yi mita amma ta zauna. Ta sa aka tura masa tawul ɗin da fulas bakin ƙofa, kowa ya ja baya, ya buɗe kaɗan ya jawo su ya mayar da sakata. Daga inda take ta ɗaga murya.

"Akwai roba a ɗakin? Zuba ruwan, ka surka da na sanyi. Tsoma tawul ɗin. Ka tsoma?"

"Na tsoma."

"To matse shi tukuna kafin ka ɗora a goshi. Na san ka, haka za ka ɗora yana ɗiga ka jiƙa matashi."

Tawul ɗin yana hannunsa yana ɗiga, saura kaɗan ya kai goshi. Mutum mai furfura a gemu, ya zauna a ƙasan ɗakinsa yana kuka ba sauti. Ya mayar da shi kan robar ya matse.

"Na matse, Yaya."

"Ƙara matsewa," in ji ta.